Ranar da Zuwera Mai Madubi Ta Juya Hotunan Sama

Har yau akwai matan da in aka ambaci Zuwera mai madubi a unguwar Sabonjida, cikin Tamale, sai su taɓe baki, su ce ai ita ce wadda ta kunyata 'yarta ana gobe walima. Ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya suke yi. Rabinsu suna tsakar gidan ran nan, wuƙa a hannu, albasa na sa su hawaye, sun ji da kunnensu sau nawa matar nan ta roƙi a ba ta wuri ta yi magana a keɓe. Amma wanda ya ɗinka sabon kaya bai sami bikin sa shi ba, dole ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. To ga yadda aka yi, tun daga tushe.

A Tishigu aka haifi Zuwera, a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da rijiya ɗaya. Ubanta Bahaushe ne mai goro, uwarta Badagomba mai tuyar ƙosai, don haka tun tana ƙarama tana iya faɗa da harshe biyu. Aji huɗu ta yi a firamare aka cire ta. Ta auri Dramani, mai yankan gilashin taga a bakin kasuwar Aboabo, mutum mai sanyin hali wanda yatsunsa ba su taɓa rabuwa da filasta ba. Shi ke yanka, ita ke dubawa. Shekara goma sha tara suna haka, har ciwon hanta ya ɗauke shi, ya bar mata 'ya'ya huɗu, da shago mai faɗin tabarma biyu, da abin yankan gilashi. Da ta fita takaba 'yan'uwansa suka zauna da ita, suka ce ta sayar da shagon ta kama sayar da koko, gilashi ba aikin mace ba ne. Ta ce ta ji. Washegari ta hau babur ɗin marigayin, ta tafi tasha ta karɓo kayan da suka zo daga Kumasi.

A tsakiyar shagon akwai farin zare rataye daga rufi, an ɗaura masa tsohon kwaɗon ƙofa a ƙasa don ya miƙe. Duk madubin da ya shigo, komai yawansu, sai ta jingina shi yana fuskantar zaren, ta tsuguna, ta rufe ido ɗaya, ta ja shi dama, ta ja shi hagu. In zaren da ke cikin madubin ya sauka sak, madubi ya tsira. In ya yi ɗan gwiwa a wani wuri, sai ta ƙara matsar da madubin. Gwiwar ta bi madubi, laifin madubi ne. Ta tsaya inda take, to a duba zaren, wataƙila ƙuda ne ya sauka a kansa. Aibin kansa ba ya ganuwa. Shafa gilashin da hannu, sumul. Ɗaga shi a rana, tas. Ba ka sanin yana nan sai ka ga abin da ya yi wa miƙaƙƙen abu.

Sauran masu madubi sun san irin wannan kayan sarai. Mutanen ƙauye suke jira, masu zuwa sayen kayan ɗaki ran kasuwa, su ɗora musu, su ce ai ba wanda zai dawo. Zuwera kuwa sai ta yanke wurin da ya lalace ta jefa a kwali, ragowar ta mai da shi ƙananan madubai na jaka. Shi ya sa su suka gina gidaje a unguwar Jisonayili, ita tana nan a gidan da Dramani ya bar ta. A faɗa a ƙara, a garin nan gaskiya ba ta sayen siminti.

Amma sunanta ya yi tafiya. Akwai Abukari mai aski, wanda ya sayi ƙaton madubi a wani wuri don ya fi araha, mutane suka fara tashi daga kujerarsa da faɗa, wai yana bar musu tudu a gefen hagu. Ya canza inji, ya canza almakashi, har ya je wurin malam. Zuwera ta biyo ta ƙofarsa, ta tsaya ta ga an yi wa mutum biyu aski, ɗaya dogo, ɗaya mai ƙaton kai. Ta ce, "Abukari, kan mutum biyu ba ya kumbura a wuri ɗaya. Sauke madubin nan." Har gobe in ya gan ta sai ya durƙusa ya ce dasiba, ina kwanan Dagomba, ta amsa da naa ba tare da ta rage gudun babur ba.

Autarta ita ce Shahida. Yarinyar ta kama boko kamar ƙaya ta kama zani, daga sakandare zuwa jami'a a Kumasi, daga nan aka ɗauke ta wata jami'a a kudancin Afirka don ta yi digiri na uku a ilimin sararin sama. Shekara uku ba ta taka Tamale ba. A daminar da ta dawo, ta sauka daga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, a ƙofar shago da jakar kwamfuta a kafaɗa, ko ruwa ba ta sha ba ta buɗe ta a kan teburin yanka, ta nuna wa uwarta wani hoto.

"Mma, me kika gani?"

"Na ga gwaiduwar ƙwai a cikin awarwaro."

Shahida ta yi dariya har da buga cinya. "Gwaiduwar nan garken taurari ne, dubun dubata, sun taru wuri ɗaya. A bayansa, can nesa, akwai wani garken. Da haske a miƙe yake tafiya kullum, da ba mu ga na bayan ba, na gaba ya tare shi. Amma nauyi yana lanƙwasa haske. Hasken na baya ya zo wucewa, nauyin na gaba ya tanƙwaro shi ta kowane gefe, sai ya iso mana a zobe."

"Kamar gindin kwalba."

"Kamar gindin kwalba sak. To in aka lissafa nauyin taurarin nan duka, ba su isa su yi wannan lanƙwasar ba. Akwai wani abu tare da su da ya fi su nauyi nesa ba kusa ba. Ba ya haske, ba ya tare haske, ba wanda ya taɓa ganinsa. Masana suna cewa in lissafinsu daidai ne, abin nan ba sumul yake ba, yana da gudaji, kamar tuwon amaryar da ba ta iya tuƙi ba. Gudajin nan nake nema."

"Abin da ba ya ganuwa kike nema."

"Shi. In gudaji ya faɗo kusa da zoben, sai zoben ya yi ɗan gwiwa a wurin. Duba nan." Ta ɗora farce a gefen zoben, inda shuɗin layin ya ɗan karkace kamar an tsungule shi. Ta kawo wani hoton, wani zoben daban, shi ma da tasa gwiwar. "Waɗanda suka taɓa samun ko ɗaya a duniya ba su da yawa, Mma. Ni biyu na samu. Malamina ya gani, har ya miƙe tsaye. Ran Litinin zan aika takardar. In ta shiga, karatuna ya ƙare."

Zuwera ta dubi hoton, ta ɗaga kai ta dubi zaren da ke rataye a tsakiyar shago, ta sake duban 'yarta. "Ke nan kika tsallake ƙasa nawa don a koya miki zarena? Da kin tambaye ni ai da na rage miki hanya."

Ta faɗa da wasa, amma ran nan sau biyu tana ba mai saye madubin da ba shi ya nuna ba. Murna ce.

Labari ya kai kunnen Magajiya Adizatu, shugabar ƙungiyar matan unguwa, mace mai murya kamar lasifikar masallacin Juma'a, wadda ba a haihuwa ko aure a Sabonjida ba da saninta ba. Ba ta gane ko kalma ɗaya a zancen zoben ba, kuma ba ta damu ba. "'Yarmu ta gano abin da Turawa suka kasa gani! Ba za a yi shiru ba!" Kafin kwana uku an sa walima ran Lahadi, an fitar da yayi, wato atamfa iri ɗaya da kowa zai ɗinka, shuɗiya mai zobba-zobba. An yi maganar rumfa da kujeru, an sayo zabi kwando biyu, an gayyato wani mai shiri a gidan rediyo. Shahida ta kai hotunan biyu aka buga mata su manya, girmansu ɗaya, don a rataye a gaban rumfa. Wa zai sa su a firam? Uwarta mana.

Ran Asabar da hantsi ta kawo su shago. Zuwera ta shimfiɗa su, ta ɗauko ma'auni, sai ta tsaya. A kowane hoto akwai 'yan taurari masu haske sosai a gefe, kowanne da tsinkayen haske huɗu da suka gitta juna. A hoton farko tsinkayen a tsaye suke. A na biyu sun kwanta gefe. Mai sa firam ba ya son karkataccen abu.

"Auta, waɗannan taurarin me ya sa suka jirkice?"

Shahida tana bakin ƙofa, tela na jiranta, mai lalle na jiranta. "Ba taurarin ba ne, Mma. Na'urar hangen nesan tana da ƙaramin madubi a gaban babban, ƙarafa huɗu ke riƙe da shi. Su ke sa haske ya yi tsinkayen nan. Ran da aka ɗauki na biyu na'urar a karkace take, mu kuma muna juya kowane hoto arewa ta koma sama. Bar su haka, daidai suke." Ta fita.

Zuwera ta zauna da maganar. Ke nan tsinkayen ba na sama ba ne, na kayan aiki ne. Su ne gefen madubin. Hannunta ya riga tunaninta. Ta ɗauko fallen gilashi ta jingina a bakin ƙofa inda rana ke dukansa, ta manna hoton farko, ta ɗora na biyu a kansa, gwaiduwa kan gwaiduwa, hasken rana ya ratsa takardun biyu. Ta fara juya na saman a hankali har tsinkayen suka hau juna. Gwiwar wannan tana gabas, ta wancan tana yamma. Ta sauke numfashi. Amma tsinkayen huɗu ne, hanyar haɗa su ma huɗu ce, ita kuma ba ta taɓa barin gwaji a rabi ba. Ta ƙara juyawa. Ba komai. Ta ƙara.

Zobban ba girmansu ɗaya ba, ɗaya ya ɗan fi faɗi, kuma ya ɗan baje gefe guda. A wuri ɗaya tak suka gitta juna. A nan gwiwar farko ta kwanta a kan ta biyu, tsawo ɗaya, karkata ɗaya, kamar da almakashi ɗaya aka yanke su.

Ta cire ta sake. Ta goge gilashin ta sake. Ta juya bayan takardun ta sake. Sau bakwai.

Wanda bai haifa ba ba zai san irin zaman da matar nan ta yi a kan benci ba. Ita wa? Mai aji huɗu. Malamin yarinyar, mai furfurar ilimi, ya gani ya miƙe tsaye. Ta yiwu akwai wani bayani da bai shiga kanta ba. In ta yi shiru, gobe a ci a sha, a kira sunan Dramani a lasifika, 'yarta ta yi rawa cikin shuɗiyar atamfa. Har ta ɗauki katakon firam ta fara aunawa. Sai ta tuna Litinin. In ita da idonta ɗaya a rufe ta gani, to akwai wani a wata ƙasa da zai gani, wanda bai goyi Shahida ba, bai san ranar da ta fara haƙori ba. Shi ba zai kira ta ɗaki ba. A gaban duniya zai faɗa, sunanta na manne da takardar har abada. Ta ajiye katakon, ta naɗe hotunan, ta rufe shago da rana tsaka, abin da maƙwabta suka ce ba su taɓa gani ba in ba ranar rasuwa ba.

Tsakar gida cike take. Ana figar zabi, ana daka, ana tace sobolo, wato zoɓo, a manyan robobi. Shahida tana kan tabarma a gindin darbejiya, ƙafafu naɗe cikin leda, hannu biyu a sama, lalle ɗanye shar.

"Auta, taso mu shiga ɗaki."

"Mma, da wace ƙafar?"

"A ɗauke ki. Magana ce."

"In anjima, don Allah. Yanzu aka sa."

Zuwera ta shiga ɗaki ta fito. Ta sake cewa a ba su wuri. Magajiya ta ɗago daga kan tukunya, ludayi a hannu. "Wane wuri kuma? Mu baƙi ne? Mu muka yi wankan jegon yarinyar nan. Ko miji kika samo mata kike ɓoyewa?" Aka kwashe da dariya. Karo na uku Zuwera ta sunkuya daidai kunnen 'yarta ta ce maganar hotuna ce, ta taso. Shahida, wadda murna ta cika wa ciki, ta ce da ƙarfi, "Hotuna? In gilashin ne ya fashe faɗi a nan, Mma, ba wanda zai mutu."

Sau uku. Duk wadda ta ce ba ta ji ba, Allah ya ji.

Zuwera ta warware takardun, ta haɗa su yadda ta haɗa a shago, ta ɗaga su tsakanin fuskar 'yarta da rana. "Kin ce tsinkayen na kayan aiki ne. Na daidaita su. Dubi gwiwoyinki."

Shahida ta duba. Dariyar ba ta bar fuskarta nan da nan ba, a hankali ta zame. "Dacewa ce. Hanya huɗu ake haɗa su, dole wata ta kusa."

"Ba kusa ta yi ba. Hawa ta yi."

"Mma, wannan ba madubin aski ba ne."

"Na sani. Ya fi shi tsada. Amma garke biyu, kin ce tsakaninsu tafiyar da ba ta ƙirguwa, su kumbura a wuri ɗaya na kayan aikinku? Ni dai ba zan saya ba."

Taɓarya ta tsaya a turmi. Magajiya ta taho tana gyara ɗaurin zani. "Zuwera, ki ji tsoron Allah! Masu digiri goma sun duba sun sa hannu, ke da ko lambar motar Kumasi sai an karanta miki! Yau ce ranar da za ki nuna kin fi kowa ido? 'Yar cikinki fa?"

"Magajiya, koma kan miyarki, tana kamawa."

Wata daga bayan turmi ta ce, "Hassada ga mai rabo taki." Uwa, wai tana hassadar 'yar da ta yi shekara ashirin tana yanke yatsu don ta biya mata makaranta. Kunya ba ta kashe mai wannan bakin ba, tana nan da ranta, jiya ma an gan ta a gidan suna.

Shahida ta sauke hannuwanta. Ta yage ledar ƙafarta, ta goge hannu a zanin da ke kusa, lallen da bai kama ba ya dame ya zama taɓo. Ta shiga ɗaki ta jawo ƙofa. Ta buɗe ainihin hotunan yadda na'urar ta ɗauko su, kafin a juya su, kafin a gyara, waɗanda rabonta da su tun shekarar farko. Daga azahar har la'asar ba a ji motsinta ba. Zuwera ta zauna a dokin ƙofar ta ba mutane baya. Ba wanda ya miƙa mata ko ruwa.

Da ƙofar ta buɗe, idon yarinyar ya yi ja, yatsunta sun bar jan shati a kan kwamfutar. Ba ta dubi uwarta ba. Ta juya ga Magajiya.

"Hajiya, a gaya wa mai rediyo kada ya zo. Tabo ne a cikin kyamarar, ɗan mitsitsi, lissafinmu bai cire shi ba. Duk zobban biyu ta kansa suka bi. Ban gano komai ba."

Magajiya ta ce, "Kai! To zabin fa? An riga an yanka!"

Zuwera ce ta amsa, ba ta juyo ba. "A dafa. A kira malamai gobe a yi wa ubanta addu'a. Ya daɗe bai samu ba."

Haka aka yi. Aka ci tuwon zafi da zabi, aka yi wa Dramani addu'a, wasu suka zo cikin shuɗiyar atamfar don a gani a tambaya. Ran Litinin, maimakon takarda, Shahida ta rubuta wa malaminta abin da ya faru, ta ce kuma a sanar da duk masu aiki da kyamarar nan. Karatun da ya kusa ƙarewa ya koma kusan farko. Ran Talata ta durƙusa ta yi wa uwarta sallama yadda ya kamata, kalma bayan kalma, idonta a ƙasa, ta hau yalo-yalo ba ta waiwayo ba.

Wata biyar ba ta kira ba. Saƙo sai ta bakin yayanta Masahudu: tana lafiya, tana gaisuwa. Zuwera ta rame har zoben hannunta ya fara zamewa. A unguwa kuwa aka samu abin taunawa. Waɗanda ba su san gabas da yamma a hoton ba su ne suka fi kowa sanin cewa da ta bari an yi walima tukuna, da ta bari Turawan su gano da kansu, wataƙila ma ba za su gano ba. Ku ji fa. Wataƙila ba za su gano ba. Irin tunanin da ke sayar wa ƙauyawa madubi mai tudu ke nan, an sa masa ɗankwali an kawo shi gidan biki. Wasu suka daina sayen kaya a wurinta. Ba ta je ƙofar kowa ta yi bayani ba. Abukari mai aski kaɗai ya zo, ya zauna a benci kusan awa guda, ya tashi ya ce, "Hajiya, ni dai na san abin da na sani," ya tafi.

Wata safiyar Laraba aka kira ta daga tasha, wai tana da saƙo a motar Accra. Doguwar ambulan ce mai kwali a ciki. Hotuna biyu, ba wasiƙa. Ba ta kai ga babur ba wayarta ta yi ƙara, saƙon murya, daƙiƙa tara. Muryar a shaƙe take kamar ta mai mura.

"Mma, zobe ɗaya ne, an ɗauke shi sau biyu tun bara, wata shida tsakani, na'urar a juye. Ki juya su."

Ta saurara sau uku a tsaye cikin rana, masu kaya na ture ta. Ta koma shago ta jingina fallen gilashi a bakin ƙofa. Sabon zobe ne, siriri, bai ma rufe ba, da 'yar gwiwa a ƙasansa wadda sai an ƙura ido. Ta daidaita tsinkayen taurarin, gwiwoyin suka rabu. Ta juya, suka rabu. Duk hanya huɗun ta bi, ta koma ta sake bi daga baya, ba su haɗu ba. Sai ta bar tsinkayen, ta ɗora zobe kan zobe. Gwiwa ta hau gwiwa. Ta bi sama, ba ta bi kayan aiki ba.

Ta danna wayar ta kai bakinta. "Na juya. Ban ga laifin madubinku ba. Ban ce kin samu ba, na ce ban ga laifin madubi ba."

Ko ajiye wayar ba ta yi ba kira ya shigo.

"Mma."

"Na'am."

Muryar Shahida ta taho daga can ƙarshen Afirka.

"Ni ma ban ce na samu ba. Ta yiwu gudajin ne, ta yiwu wani ɗan ƙaramin garke ne mai dusashen haske da ba mu hango ba. Sai an ƙara dubawa. Shekara guda, ko fiye."

"To a ƙara. Kina cin abinci?"

"Ina ci."

"Ƙarya kike, muryarki ta faɗa."

Shahida ta yi wata dariya da ta karye a tsakiya ta zama kuka. Cikin kukan take cewa mutum uku a wasu ƙasashe sun rubuto, su ma sun sake duba nasu saboda tabon nan, ɗaya har ya janye takardarsa. Ta ce ba haushin uwarta ta ji ba, kunya ce ta hana ta kira, kullum sai ta ɗauki wayar ta ajiye. Zuwera ta ce ta sani, ita ta haife ta. Ta tambaye ta yaushe za ta zo. Ta ce bayan azumi, in Allah ya yarda, kuma wannan karon kada a gaya wa kowa.

Wani mutum ya tsaya a ƙofar shago da fasasshen madubin babur a hannu, ya yi sallama, ya ƙara, ya yi gyaran murya. Zuwera ta ɗaga masa hannu ya jira, ta juya ta fuskanci bango, waya a kunne, tana share ido da bakin mayafi.

"Ina jinki, Auta. Ɗakin da kike, akwai taga? To buɗe ta, ki zauna, ki faɗa mini tun daga ranar da kika sauka."